Kwabban Katako

Asabar ta ƙarshe a Oktoba, a Duluth.
Raɓa ta daskare a kan rumfuna tun asuba,
iskar tafki tana yankar kunne kamar aska.
Ni ce mai teburin bakin ƙofa:
a miƙo min katin tallafin abinci, in goga,
in ƙirga kwabban katako, in zuba a tafin hannu.
Goma takan zama ashirin, in dai kayan lambu za a saya.
Shekara shida ke nan ina wannan ƙirga.

A Yuni latas ne da albasa mai lawashi,
a Agusta masara har ta gundure mu.
Yanzu sai masu nauyi, masu jure duhun ɗaki:
kabewa, kabeji, dankali,
karas da ƙasar gona a jikinsa.

Pakou Lor ta riga kowa kafa rumfa.
Daren jiya ita da 'ya'yanta suka bi kunya-kunya
da fitila ɗaure a goshi,
suna tsinke barkono kafin sanyi ya ƙone shi.
Tumatirin da bai nuna ba ta jera shi, kore shar,
ta rubuta a kwali: a soya, ko a jira.

Tsoho Torvald Haugen yana yanka tuffa da wuƙar aljihu,
babban yatsansa a tsage kamar ɓawon itacen.
"Wannan tsami gare ta," in ji shi,
"sai ta yi wata a ajiye take hankali."

A motar mai sayar da kofi rediyo na magana:
majalisa ta sake zama kan kasafin abinci,
wasu sun ce a datse, wasu sun ce a dakata,
an ɗage zaman sai bayan hutu.
Ba wanda ya ƙara murya.
Ba wanda ya kashe.

Delfina Ochoa ta zo da ɗanta a kafaɗa,
hularsa ta rufe masa ido ɗaya.
Ta karɓi kwabbanta, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
sannan ta rage murya:
"Baɗi ma za a ninka?"
Akwai takarda daga ofis a aljihuna
mai cewa in amsa da "ana kan dubawa".
Na ce mata ban sani ba.
Ta gyaɗa kai.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
kuma tukunya ba ta jin an ɗage zama.

Daga nan na hango ta a rumfar Pakou,
kabeji biyu a kan ma'auni.
Na ga yatsan Pakou a ƙarƙashin faranti,
ɗagawa yake, ba dannawa ba.
Allurar ta ja baya kamar mai jin kunya.
Na juya na gyara tulin takarduna,
waɗanda ba su bukaci gyara ba.

Da rana ta take, aka fara naɗe rumfuna.
Agwagin daji sun ja layi a sama, sun nufi kudu,
suna surutu kamar masu rabon gado.
Na zazzage gwangwani a kan tebur:
ɗari huɗu da sittin da tara.
Saura ɗaya.
Na san inda yake.
Na gan shi a dunƙulen hannun yaro mai hula,
yana gwada shi da haƙori.
A littafi na rubuta: bai dawo ba tukuna.

Pakou tana loda akwatuna a bayan mota,
ta ware buhu guda ba na sayarwa ba.
Na tambaye ta. Ta buɗe min baki: tafarnuwa.
"Gobe zan binne ta, in lulluɓe da ciyawa.
Sai ta kwana a ƙarƙashin ƙanƙara take yin kai."
Na ce, "Ko da an datse?"
Ta ɗaure bakin buhun, ta ja igiyar da haƙori.
"Ƙasa za ta rufe nan da sati biyu," ta ce.
"Riƙe min can gefen."